Muryar jabu: Jan kunne ga 'yan kasuwar kan iyaka kafin zaɓen 2027

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Illela, ko Ƙonni, ko Jibiya, ko Maigatari, ya san yadda ake karɓar kuɗi daga hannun baƙo. Ba a cusa takardar dubu a aljihu haka kawai. Sai an murza ta, an ɗaga ta a rana, an duba zaren da ke jikinta, in kuma zuciya ba ta kwanta ba a miƙa wa ɗan canji ya duba. Ba a makaranta aka koya mana wannan ba, asara ce ta koya mana. To, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a yau daga nan Ghuddwa, kudu da birnin Sabha a ƙasar Libiya, shi ne wata sabuwar jabu da ta shigo hannun jama'a, wadda ba a murza ta, ba a ɗaga ta a rana, kuma mu da kanmu muke rarraba ta kyauta ta wayoyinmu. Wannan jabu kuwa ita ce muryar mutum.

Ga yadda abin yake. Akwai fasahar da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar kwamfuta da ake ɗura wa misalai masu ɗimbin yawa har ta iya kwaikwayon aikin ɗan Adam. Idan aka ba ta muryar wani da aka naɗa, sai ta koyi amonsa, da yadda yake jan numfashi, da inda yake tsayawa a magana. Daga nan mai ita zai rubuta duk abin da ya ga dama, ita kuma ta karanto shi da muryar wancan bawan Allah. Tun a watan Janairun 2023 kamfanin Microsoft ya ce ya ƙera wata manhaja da maganar daƙiƙa 3 ta ishe ta ta kwaikwayi mutum. Ɗan siyasa kuwa, da malami, da sarki, da ɗan jarida, muryarsu tana nan jibge a intanet ta sa'o'i da sa'o'i. Wato duk wanda jama'a suka fi sanin muryarsa, shi ya fi sauƙin sacewa.

Kada wani ya ce wannan matsalar Turawa ce. Ta riga ta iso gida. A jajibirin zaɓen shugaban ƙasar Nijeriya na ranar 25 ga Fabrairun 2023, wata murya ta karaɗe Facebook da WhatsApp da Twitter, inda aka ji wasu mutum uku da aka ce Alhaji Atiku Abubakar ne ɗan takarar PDP, da mataimakinsa Ifeanyi Okowa, da Aminu Waziri Tambuwal, gwamnan Sakkwato na wancan lokaci kuma shugaban yaƙin neman zaɓen Atiku, wai suna ƙulla yadda za a yi maguɗi. Masu binciken gaskiyar labari sun bi diddigin muryar, suka gano haɗa ta aka yi. Amma abin tambaya shi ne, mutum nawa ne daga cikin waɗanda suka saurari muryar da daddare suka ga sakamakon binciken kafin su shiga layi da safe? Mai wannan aika-aika ya san abin da yake yi. Ya jira sai da aka rufe yaƙin neman zaɓe, lokacin da wanda aka yi wa ƙazafi ba shi da damar hawa mumbari ya wanke kansa, sannan ya saki kayansa.

Ba muna cewa wannan murya ce ta yanke hukuncin zaɓen 2023 ba, kuma ba muna kare wata jam'iyya ba ne, domin gobe kan wata zai faɗa. Amma a duba alƙaluma. A zaɓen nan, tazarar da ke tsakanin Atiku da Bola Tinubu a Jihar Sakkwato ba ta kai ƙuri'a 4,000 ba, a Jihar Katsina kuma ba ta kai 7,000 ba. A 2019 kuwa, da ƙuri'a 342 kacal Tambuwal ya koma kujerar gwamna bayan zaɓen cike giɓi. Mutum 342 ba su cika rumfunan 'yan hatsi ba a ranar kasuwar Illela. Inda tazara take haka, mai ƙarya ba ya buƙatar ya yaudari jiha guda. In ya sami unguwa ɗaya da ta fusata ta ƙi fita, ko ƙauye ɗaya da aka gaya wa an ɗage zaɓe, ya gama aikinsa.

Irin wannan ta faru a wasu wurare, kuma salon ɗaya ne. A ƙasar Sulobakiya ta nahiyar Turai, kwana biyu kafin zaɓen watan Satumban 2023, an saki muryar jabu ta shugaban wata babbar jam'iyya yana maganar sayen ƙuri'u, daidai lokacin da doka ta hana kafafen watsa labarai tattauna zaɓe. A Amurka, a watan Janairun 2024, an yi ta buga wa dubban mutane waya a Jihar New Hampshire da muryar shugaba Joe Biden ana ce musu kada su fita zaɓen fidda gwani. Wanda ya haɗa muryar ya ce bai kashe fiye da dala 1 ba, kuma aikin bai ɗauke shi minti 20 ba. Hukumar sadarwar ƙasar ta ci wanda ya sa aka yi aikin tarar dala miliyan 6, amma da aka je kotu a 2025 sai aka sallame shi. A nan kusa da mu kuwa, a 2023 gidan rediyon BBC ya bankaɗo yadda aka yi ta watsa muryoyin jabu na tsohon shugaban Sudan Omar al-Bashir a TikTok, ana tsakiyar yaƙi. In ƙasa irin Amurka, da kotunanta da kuɗinta, tana tuntuɓe a kan wannan lamari, ina ga talakan da ke sauraron saƙo a wayar ɗansa a Magama?

Akwai kuma wata illar da ta fi wannan zurfi, wadda ba a cika magana a kanta ba. Idan jabu ta yi yawa a kasuwa, har kuɗin gaske sai an ƙi karɓa. Mutanen Kano ba su manta ba, a watan Oktoban 2018 jaridar Daily Nigerian ta wallafa wasu bidiyo da ta ce gwamna Abdullahi Umar Ganduje ne ke karɓar daloli. Gwamnan ya musanta, gwamnatinsa ta ce haɗa su aka yi. A 2023, bayan an sami canjin gwamnati, hukumar yaƙi da cin hanci ta jihar ta ce binciken ƙwararru ya nuna na gaske ne, shi kuma bai sauya matsayinsa ba. Har gobe in ka tara Kanawa goma, kowa abin da jam'iyyarsa ta gaya masa zai faɗa. Haka aka yi a 2023 da wata murya da aka ce ta Peter Obi ce yana magana da wani babban limamin coci, shi ya ce jabu ce, wasu suka ce tasa ce. A nan Libiya ma, a watan Mayun 2025 wani bidiyo ya fito na ɗan majalisa Ibrahim al-Darsi, wanda aka sace a Bangazi shekara guda kafin nan, an nuna shi ɗaure da sarƙa, sai jami'an tsaron gabashin ƙasar suka ce ai na'ura ce ta ƙirƙira shi. Ba aikinmu ba ne mu yanke hukunci a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da muke nunawa shi ne, yanzu duk wanda aka kama da hujja ya sami mafita, sai ya ce kwamfuta ce. A da Bahaushe kan ce gani ya kori ji. Yau ga ji ga gani, amma shakka ba ta tafi ba. Ranar da wakilin jam'iyya zai ɗauko hoton ana dangwala ƙuri'a a bayan makaranta, a ce masa ƙirƙira ce, ranar ce za mu san girman wannan asara.

Mu da ke zaune a yankin Fezzan mun ga abin da ke faruwa ga ƙasar da mutanenta suka daina yarda da juna a kan zaɓe. Rabon Libiya da zaɓen ƙasa baki ɗaya tun na majalisa a watan Yunin 2014. An sa ranar 24 ga Disamban 2021 don zaɓen shugaban ƙasa, mutum wajen miliyan 2.8 suka yi rajista, kuma a nan Sabha Saiful Islam Gaddafi ya miƙa takardun takararsa a ranar 14 ga Nuwamba. Aka yi ta ja-in-ja a kan dokar zaɓe da wanda ya cancanta ya tsaya, har ranar ta zo ta wuce ba a jefa ƙuri'a ko ɗaya ba. Ba ƙirƙirarriyar basira ce ta rusa wancan zaɓe ba, rikicin manya ne. Amma an daɗe ana zuba wa jama'a guba ta waya kafin ranar. A watan Oktoban 2019 kamfanin Facebook ya rufe wasu shafuka da ya ce daga Rasha ake juya su, suna yi wa 'yan Libiya magana kamar 'yan gida ne, wasu na kambama Saiful Islam, wasu na kambama Janar Khalifa Haftar. A wancan lokaci sai an ɗauki ma'aikata an biya su kafin a yi irin wannan aiki. Yanzu yaro ɗaya da waya ɗaya zai iya yin sa a ɗakinsa. Sakamakon rashin zaɓe kuwa ɗan kasuwa ne ke biyansa: gwamnati biyu a ƙasa ɗaya, shingaye a hanya, dinari yau sama gobe ƙasa.

Me ya sa muke magana da 'yan kasuwa musamman? Saboda tun zamanin ayari, lokacin da fatake ke tasowa daga Kano su bi ta Agadas su ratsa hamada zuwa Gat da Murzuk har Turabulus, ɗan kasuwa ba kaya kaɗai yake ɗauka ba, har da labari. In ya sauka a zango, shi ake tambaya lafiyar gari da wanda ya hau sarauta. Wannan matsayi bai gushe ba, waya ce kawai ta maye gurbin raƙumi. Alhajin da ke kawo shinkafa ko albasa yana cikin zauren WhatsApp na 'yan kasuwa, da na direbobi, da na 'yan garinsu, da na dangi. In ya tura saƙo, ba a kallon asalin saƙon, shi ake kallo, a ce ai daga wajen Alhaji ya fito. Mutuncin da ya shekara talatin yana ginawa da cika alkawari da biyan bashi, shi maƙaryaci ke haya kyauta. Haka nan 'yan uwanmu da ke aiki a gonaki da wuraren gini a Sabha da kewaye. Dokar Nijeriya ba ta ba mazauna waje damar jefa ƙuri'a ba, amma wanda ke aiko da kuɗin cefane daga Libiya maganarsa na da nauyi a gida, in ya ce a zaɓi wane ko kada a fita, ana ji.

Wani abin kuma, yawancin cinikinmu da murya ake yin sa. Da yawa daga cikinmu ba mu damu da rubutu ba, sai mu danna mu yi magana: ka ba yaron wane kaza, zan biya ka ranar kasuwa. Muryar ita ce sa hannu, ita ce shaida. To, na'urar da ta iya satar muryar gwamna ba za ta gaza satar ta ubangidanka ba. A 2024 a birnin Hong Kong, an yaudari ma'aikacin wani babban kamfani ya tura kimanin dala miliyan 25, bayan ya shiga taron bidiyo inda ya ga fuskokin shugabanninsa ya ji muryoyinsu, ashe duk na jabu ne. Wanda ya koyi tantance muryar siyasa, ya koyi tsare jarinsa ke nan.

Kuma in wuta ta tashi, rumfa ce ke fara ci. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na watan Afrilun 2011, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce an kashe mutum fiye da 800 a cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa. An ƙona kasuwanni da wuraren ibada. Mu ƙaddara a ce a daren da ake jiran sakamako an saki muryar wani malami da ake ji da shi yana cewa a fito, ko ta wani babban jami'in zaɓe yana cewa an ba shi umarnin juya alƙaluma. Kafin gari ya waye a ƙaryata, wa zai dawo da ran da aka rasa? Mutanen Maraɗi da Ƙonni da Ɗan Isa su ma sun ɗanɗana. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, da aka rufe iyaka, an yi ta yawo da tsofaffin bidiyo ana cewa ga sojojin waje nan sun shigo, mutane na kwana cikin fargaba, kaya na ruɓewa a kan mota.

Za a sami mai cewa, ai ƙarya a siyasa ba yau aka fara ba. Gaskiya ne. Babu wata na'ura da aka yi amfani da ita wajen yaɗa cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya rasu an kawo wani Jibrin daga Sudan, amma sai da ta kai shi da kansa ya fito a ƙasar Folan a watan Disamban 2018 yana cewa shi ne dai ba wani ba. Har yanzu ƙaryar baki da tsohon hoto sun fi yawa a wayoyinmu. Bambancin shi ne, a da in an kawo maka magana kana iya cewa, ka ji da kunnenka? Mai jita-jita sai ya yi shiru. Yanzu zai ce, ga shi ma ka ji da naka. Katangar ƙarshe da mai hankali ke fakewa a bayanta ita aka rusa. Bugu da ƙari, waɗannan na'urori sun fara iya Hausa, alhali kamfanonin da ke da shafukan sun fi sa ido a kan abin da aka faɗa da Turanci. WhatsApp kuwa a rufe yake, kamfanin da kansa ba ya jin abin da ke cikin saƙo, balle ya tare shi.

Sai dai muna gargaɗin hukumomi, kada a fake da guzuma a harbi karsana. Rufe intanet ba magani ba ne. An yi shi a Nijar na kwana 10 bayan zagaye na biyu na zaɓen Fabrairun 2021, an kuma rufe layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato a 2021 saboda 'yan bindiga, kuma 'yan kasuwa sun san abin da suka yi asara. Haka nan dakatar da gidajen rediyo, kamar yadda aka yi wa RFI a Nijar a 2023 da BBC a ƙarshen 2024, ba ya rage jita-jita, sai dai ya bar ta ita kaɗai a fili. Wanda aka toshe wa rijiya, ruwan kududdufi zai sha.

To mene ne abin yi? Shawararmu ita ce mu ɗauki saƙon siyasa kamar yadda muke ɗaukar takardar dubu daga hannun baƙo. Da farko a tambayi asali: wa ya naɗa, a ina, yaushe? Malaman hadisi ba su karɓar magana sai sun san wanda ya ji daga wa, mu ma in wanda ya turo bai san wanda ya turo masa ba, to cinikin biri a sama ne. Na biyu, a duba lokaci. Duk wani tonon asiri da ya ɓullo a daren zaɓe, ko ana tsakiyar ƙidaya, a ɗauke shi abin zargi, domin mai hujjar gaske ba ya jiran sai an rufe bakin abokin hamayyarsa. Na uku, a lura da saƙon da WhatsApp ya sa wa alamar kibiya biyu, ma'anarta ya bi hannaye da yawa kafin ya iso. Na huɗu, in saƙo ya sa zuciyarka ta tafasa nan take, ko ya zo da roƙon a yi maza a tura wa kowa kafin a goge, to a ajiye shi ya kwana. A kunna rediyo, a ga ko wata tasha mai suna da adireshi ta ɗauka. Akwai kuma masu aikin tantance labari irin su Dubawa, waɗanda ake iya duba shafinsu. A da akan gane muryar jabu da rashin numfashi ko karyewar harshe, amma kada a dogara da wannan, domin kullum gyara na'urorin ake yi. A harkar kuɗi kuwa, kada a saki ko sisi a kan saƙon murya sai an kira mai shi a lambar da aka sani an ji daga bakinsa.

Muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi su kafa doka a zaurukansu na waya, cewa duk wanda ya turo muryar siyasa ba tare da asali ba a goge, in ya maimaita a fitar da shi, kamar yadda ake yi wa mai algus a mudu. Mu ma'aikatan ƙananan gidajen rediyo, wajibinmu ne kada mu sa wa jama'a wata murya a iska don kawai tana tashe, kuma mu ware lokaci a ranakun kasuwa muna bayyana wadda aka tabbatar da wadda aka ƙaryata, da harshen da mai tallar goro zai gane. Hukumar zaɓe ta INEC ta sani cewa gazawar da aka samu wajen ɗora sakamakon shugaban ƙasa a shafinta a 2023 ta buɗe wa masu ƙarya ƙofa, domin inda hukuma ta yi shiru nan jita-jita ke yin ƙiba. Ta tanadi masu magana da Hausa da za su riƙa amsawa cikin sa'a guda, ba bayan kwana biyu ba. Jam'iyyu kuma, in da gaske suke, su sa hannu a gaban jama'a cewa ba za su yi hayar masu haɗa murya ba, su kuma hukunta nasu in an kama shi.

Zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma ko shakka babu masu wannan sana'a sun fi mu shiri. Ɗan kasuwar da aka ba jabun kuɗi bai sani ba, an cuce shi. Amma wanda ya yi shakka, ya kuma miƙa wa na gaba, shi ma ya shiga cikin cutar. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, balle wadda ta shiga waya dubu. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa a yi zaɓe lafiya a gama lafiya, Ya buɗa mana kasuwa.